Tangaɗin Gwadabe Mai Katako

Duk wanda ya san layin 'yan katako a Jos, a shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun kowa, ya san Alhaji Gwadabe, ya kuma san abu biyu game da shi. Ba ya sayar da ɗanyen katako da sunan busasshe, sannan ba a yi masa sallama ta baya. Wanda ya manta ya dafa kafaɗarsa ba zato zai ga ikon Allah. Ƙafafun Alhaji sai su manta da juna, ɗaya ta nufi Bukuru ɗaya ta kama hanyar Bauchi, harshe ya yi nauyi, hannuwa su ɗauki rawa, ya yi ta tangaɗi tsakanin tarin maɗaci da na afara kamar wanda ya wuni a gidan burkutu. Kafin shayin mutum ya huce abin ya sake shi. Sai ya gyara hula, ya ci gaba da ciniki daga inda aka tsaya.

Abin takaicin shi ne, Gwadabe bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ko lemon kwalba da ya cika gas ba ya so. Mai shan giyar shi ne amininsa Dantong, kafintan da shagonsa ke kallon nasa. Tare suka taso a Jos Jarawa, tare suka ci duka a firamare, rikicin garin ma da ya raba unguwanni bai raba su ba. Dantong zai shanye ƙwarya uku ya tashi ya kafa ƙofa a miƙe sambal, ya hau keke ya tafi gida ba ko gargada.

"Ni na sha, kai ka bugu," in ji Dantong kullum. "Allah Ya yi rabon aiki."

A gida an daɗe da yanke hukunci a kan lamarin, kuma wadda ta yanke shi ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Safara'u, mace mai jiki wadda ba a taɓa ganin ta yi sauri ba, ko da tukunya ce ke ƙonewa. A cewarta, mijinta marigayi Malam Jatau, lokacin yana shugaban leburori a wurin haƙar kuza, ya taka ɗan aljani a bakin kududdufi. Iyayen yaron suka yi fushi suka kama masa ƙafafu, shi ya sa yakan dawo gida yana haɗa hanya, da ya rasu kuma suka zauna a kan ɗansa. Da wannan labarin Gwadabe ya girma. Ya sha rubutu har cikinsa ya kusa haddace allon. An turara shi da hayaƙi kamar kifin Yawuri. Wani mai ruƙiyya ya taɓa zuwa da lasifika, ya kafa masa a kunne ya kwarara ihu, nan take abin ya tashi. Malamin ya yi kabbara ya ce ga aljanin nan ya bayyana. Dantong ma ya taɓa lallaɓo wani fasto a asirce, faston ya daka tsawa ya ce "Fita!", Gwadabe ya faɗa kan bencin da ba a gama bugawa ba. Kowa ya tafi da nasararsa, aljani yana nan.

Da haka aka saba, har babbar 'yarsa Salma, malama a wata sakandare, ta kawo maganar Ashraf. Yaro ne mai hankali, yana koyar da lissafi a makarantarsu. Mahaifinsa, Alhaji Tanimu, dillalin tumatir da kabeji ne a Farin Gada, mutumin da ba ya karɓar kwando sai ya zura hannu har gindi. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa surukin da za a yi yana taɓa ruwan nan. Don haka wata ranar Talata da hantsi ya zo Katako da kansa, wai yana neman katakon gyaran rumfa.

Gwadabe ya gane shi tun daga nesa. Ya sa aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi, ya zauna a tsanake ya jingina bayansa da bango don kada kowa ya ɓullo masa ta baya. Hira ta yi daɗi. An taɓo tsadar mai, an taɓo lalacewar hanyar Zariya, Gwadabe har ya jawo aya biyu a inda suka dace. Ya ga fuskar Alhaji Tanimu tana sakewa. Suka miƙe za su duba katako.

A nan wayar ta yi ƙara. Sabuwa ce, Salma ta saya masa, ita ce kuma ta ƙure mata murya saboda ƙarar injinan yanka. Tana cikin aljihun ƙirji, tana kuka tana kakkarwa lokaci guda kamar an saka masa kwaɗo a riga. Gwadabe ya zabura. Ya ji abin yana hawowa daga gwiwa, ya ce a ransa, ya Allah ba yau ba. Ya yi taku ɗaya hagu, biyu dama, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba. Daga ƙarshe ya rungume Alhaji Tanimu da hannu biyu kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Hajji.

Dantong ya hango, ya tsallako titi da gudu don ya taimaka. Ya ɓanɓare abokinsa daga jikin baƙon, ya matso daf da hancin Alhaji Tanimu, da warin abin da ya karya da shi, ya ce, "Oga, kar ka damu. Haka yake yi kullum. Tun safe muna tare."

Alhaji Tanimu bai sayi katako ba. Washegari saƙo ya zo cewa a ɗan dakata da maganar yara, ana shawara.

Salma ba ta yi kuka ba. Ta sami mahaifinta yana cin tuwo, ta zauna a gabansa ta ce, "Baba, Firisila ta dawo."

Firisila 'yar Dantong ce, ƙawarta tun suna wasan 'yar tsana. Likita ce a babban asibitin garin, ta je Landan ta ƙaro karatu a kan cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa.

"Yarinyar da nake saya wa alewa?" in ji Gwadabe. "Ita za ta duba ni? Me ta sani game da aljanu?"

"Su waɗanda suka san aljanun me suka yi maka?"

Sai ya ce miyar ta yi gishiri. Amma ranar Alhamis ya sa babbar riga ya bi ta.

Firisila ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, sannan ta koma bayan tebur ta zama wata daban. Ba ta taɓa shi da komai ba da farko. Ta dai zuba masa ido har ya fara jin kunya.

"Baba, wannan motsin da ke ƙarƙashin idonka, tun yaushe?"

"Wannan? Ai alheri ne ke tafe. In na dama ya yi rawa, baƙo ne ko ciniki."

"Kullum yake yi?"

"Kullum."

"To da yanzu ka fi kowa arziki a Filato. Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta nuna masa bayan hannun, inda naman ke wani ɗan motsi a ƙarƙashin fata kamar tsutsa na tafiya. Shi ya ɗauka haka hannun kowa yake. Ta tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce tun yana firamare, ranar da aka busa usur ɗin tsere. Yana fita hayyacinsa? A'a, duk abin da ake faɗa yana ji, har da masu dariya, kuma yana riƙe da sunayensu. Me ke tayar da shi? Firgita, fushi, tashi da sauri, zazzaɓi. Ta sa aka kai shi wani ɗaki aka soka masa siririyar allura a hannu, mai waya haɗe da na'ura. Yana zaune bai motsa ba, amma na'urar tana ta tatata kamar ana soya gyaɗa.

"Ka ji?" in ji ta. "Jijiyoyinka ke surutu ba wanda ya tambaye su."

Ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce jijiya kamar wayar lantarki ce, saƙo ke bi ta cikinta daga kai zuwa ƙafa. A jikin kowace jijiya akwai wasu ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. In saƙo ya wuce, sai su buɗe, wani gishiri da ake kira fotasiyam ya fita, jijiyar ta huce ta yi shiru har wani saƙon ya zo.

"Naka ƙofofin suna cijewa, Baba. Ba sa buɗewa yadda ya kamata. Sai jijiyar ta kasa hucewa, a aiko ta sau ɗaya ta je sau biyar. Yawanci jikinka yana iya lallaɓawa. Amma in ka firgita, saƙonni suka taho da yawa, sai ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya, ya rikice."

Gwadabe ya gyara hula. Sannan ya ce, "Rabin ƙofofin garin nan da katakona aka yi su. Ba wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi."

"Waɗannan ba kai ka yanka katakon ba. Gadonsu ka yi. Umarnin yadda za a ƙera su yana rubuce a cikin ƙwayoyin halitta, kuma ina zargin naka akwai harafi ɗaya da ya kauce. Ciwo ne da ba a cika gani ba, ni ma a Landan na fara ganinsa. Ba ya kisa, sau da yawa ma yana sauƙi in shekaru sun ja. Amma sai an gwada jini kafin in rantse. Malamina na can yana bincike a kai, zai duba mana. Ina son jinin duk 'yan gida, har da Hajiya."

Gwadabe ya fito daga asibiti yana jin kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ba giya ba ce, kuma likita ce ta faɗa. Bai ko biya gida ba, ya wuce Farin Gada. Ya sami Alhaji Tanimu a ƙarƙashin rumfa, ana sauke masa kwandunan tumatir daga mota, ya zayyana masa komai, da ƙofofi da gishiri da ƙeya.

Alhaji Tanimu ya saurara har ƙarshe yana jujjuya tumatir a hannu.

"Wato gado ne."

"Gado ne, Alhaji. Ban taɓa sha ba."

"Ai kuwa da giyar ce da ta fi sauƙi," in ji Alhaji Tanimu. "Mai sha sai a tara malamai a yi masa nasiha, ya tuba, ya zama na sahun gaba. Na san da yawa. Amma wannan fa? Haka kawai in tara jikoki a tsakar gida, a buga ƙofa su zube gaba ɗaya?"

Gwadabe ya dawo gida yana tunanin ko ya koma ya ce wasa yake yi, yana ɗan kurɓa jefi-jefi.

Sauran aikin ya rage ɗibar jini, kuma Hajiya Safara'u ta ce sam. Ita ba za a kai jininta ƙasar Turawa ba, ba ta san me za su dafa da shi ba. Kuma meye nata a ciki? Abu na dangin Malam ne, ita danginta kaf ba wanda ya taɓa ko tuntuɓe.

"Ku ƙyale ta," in ji Salma, wadda ba ta raga wa kakarta. "Tsohuwar tsoron allura take. Ranar rigakafin sanƙarau ma a bayan randa aka same ta."

"Ni? Ni da na haifi ubanki ba ko ungozoma? Ke Firisila, zo ki ɗiba. Cika kwalbar."

Jini ya tafi Landan, aka shiga jira. Damina ta zo ta wuce, Ashraf yana ta zarya tsakanin ubansa da Salma har ya rame. Labarin fotasiyam ya bazu a Katako, kowa ya fahimce shi yadda ya ga dama. Wani ya ji cewa akwai shi a ayaba, sai aka dinga kawo wa Gwadabe ayaba nono-nono. Wani ya ce ai kanwa ce da Turanci, matarsa ta fara zuba kanwa har a kunu. Firisila ta gaji da bayanin cewa gishirin bai yi masa kaɗan ba, ƙofar ce matsala. Ta ba shi wata ƙwaya da ake bai wa masu farfaɗiya, ya ce shi ba farfaɗiya yake ba, ta ce ta sani, ya sha dai. Ya sha. Abin ya ragu ƙwarai. Yaran shago har suka gwada shi da fasa leda a bayansa, ya juyo a tsaye kyam ya kwaɗa wa na kusa mari.

Ranar da sakamako ya zo, Firisila ta taho gidan da la'asar, Dantong na biye da ita don a cewarsa da shi aka fara. Aka taru a ɗakin Hajiya. Tana kishingiɗe a kan katifa da carbi a hannu, kamar mai jiran a tabbatar da abin da ta riga ta sani.

"An samu," in ji Firisila. "Kamar yadda na zata. Akwai ƙwayar gado guda ɗaya mai kula da ƙera ƙofofin nan. Irin wannan ƙwayar, Turawa suna ce mata jin."

Hajiya ta tashi zaune. "Me suka ce?"

"Jin."

"Allahu Akbar! Jinnu! Tun kafin a haife ki nake faɗa, ana min kallon tsohuwar banza. Sai da aka kai jinina Ingila kafin a yarda. To su Turawan sun ce na kududdufi ne?"

"Ba wannan ba, Hajiya. Sunan ne ya zo ɗaya."

"Sunan ya zo ɗaya, aikin ya zo ɗaya. Ci gaba."

Firisila ta ci gaba. Ta ce kowane mutum yana da ƙwayar guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗaya mai matsala ta isa. Mai ɗauke da ita, duk ɗan da ya haifa ko ya ɗauka ko ya tsira, kamar jefa kwabo. Cikin 'ya'yan Gwadabe, autansa ya ɗauka, za ta riƙa duba shi. Salma ba ta ɗauka ba, kuma abin da ba ka da shi ba ka bayarwa, don haka 'ya'yanta sun kuɓuta.

Salma ta rufe fuska da mayafi. Gwadabe ya ce alhamdu lillahi sau uku, murya na rawa, kuma wannan rawar ba ta ciwo ba ce.

"Saura abu ɗaya," in ji Firisila. Ta kalli babanta, ta kalli ƙasa. "Baba Gwadabe daga wajen Hajiya ya gada."

Hajiya ta ajiye carbi.

"Wace Hajiyar?" in ji Hajiya.

"Ke. Yana cikin jininki. Dubi bayan hannunki, ga motsin nan. Wasu abin ba ya tsananta musu, musamman wanda ba ya gudu, ba ya tashi da sauri."

Hajiya ta tura hannun cikin zane. "An musanya kwalba."

"Ba a musanya ba."

"To injin nasu ya sha wani abu. Ku tashi ku ba ni wuri, zan yi lazimi."

Gwadabe bai tashi nan da nan ba. Lissafi yake yi, irin wanda ba ya buƙatar takarda. In daga uwa ya gado, to uban fa? Malam Jatau da ya sha gani yana shigowa gida yana dafa bango, yana waƙa ƙasa-ƙasa, Hajiya tana kora yara ɗaki tana cewa aljanun sun motsa? Kuma sai yanzu ya lura, aljanun nan ba su taɓa motsawa ranar aiki ba, sai Asabar da Lahadi. Ya waiwaya ya ga Dantong ya ƙura wa silin ido kamar an kira shi ya gyara.

Sai da suka fita ƙofar gida ya riƙo masa riga.

"Ka sani."

"Me na sani?"

"Dantong."

Dantong ya sosa ƙeya. "Babana Badung da babanka, benci ɗaya suke zama a wajen wata mama mai burkutu a bayan dutse. Ni nake zuwa kiran babana in abinci ya nuna. Amma ka ji, Malam Jatau mutum ne mai mutunci. Kafin ya zauna sai ya cire hula ya sa a aljihu, ya ce hular ba ruwanta."

"Shekara da shekaru kana kallo ana turara ni da hayaƙi!"

"To ni na san naka daban ne? Na ɗauka shi ya sha da yawa har ya gangaro maka."

Gwadabe ya so ya yi fushi. Ya tsaya yana jiran fushin ya zo, sai ga dariya ta riga shi. Ya yi ta har ya zauna a kan dakali, hawaye na zuba, mutanen da ke wucewa masallaci suna cewa Allah Ya sawwaƙe, abin Alhaji ya tashi. A cikin dariyar ya tuna uban, yadda yake goya shi a wuya zuwa kallon ƙwallo, ya tuna kuma matar da ke cikin ɗaki, wadda ta ƙirƙiro aljani sukutum da iyayensa da kududdufinsa don kada 'ya'yanta su ji kunya a unguwa. Ya yi wa uban addu'a. Bai taɓa tayar wa Hajiya da maganar ba, ita ma ba ta taɓa janye tata ba. Duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa Turawa sun tabbatar da jinnu ne, amma sun yi kuskure a wajen suna.

Alhaji Tanimu ya nemi Firisila ta maimaita masa bayanin sau biyu, ya kuma tambaya ko za a iya gwada Ashraf shi ma, tunda yaron ba ya cin tumatir kuma ba a san daga ina ya samo wannan ba. Daga nan ya sa rana. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah, aka ci shinkafa har maƙwabtan maƙwabta. Dantong ya yi wa amarya gado da kabad da hannunsa, kuma don girmama taron bai sha komai ba sai da aka watse.

Da hidima ta lafa, Gwadabe ya sayi babur. Ja ne, ɗan China, irin na 'yan acaɓa. Ya ce duk sa'anninsa sun yi yayin keke sun yi na babur yana kallo daga gefen titi, shi ma zai ɗana kafin ya mutu. Firisila ta ce kada ya kuskura, magani rage abin ya yi, bai kore shi ba. Salma ta ce za ta kai ƙararsa wajen Hajiya. Ya ce ya ji, ya gode. Ya sa Dantong ya koya masa a filin makaranta ranar Lahadi, darasi ɗaya, ya ce ya gane.

Ranar Litinin da safe ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya nufi Farin Gada don ya gai da surukinsa. Tafiya ta yi kyau. Iska mai sanyi tana dukan fuskarsa, yana ɗaga wa mutane hannu, wasu ma bai san su ba. Ya shigo kasuwa ya hango Alhaji Tanimu a rumfarsa, ya yi masa murmushi, ya nemi birki. Ya murɗa abin da hannunsa ya samu, babur ya ƙara wuta. Masu dako suka watse, wata mai karas ta yi salati, Gwadabe ya shige cikin kwandunan tumatir har wuya.

Jama'a suka taru a kansa. Wani ya ce a kawo ruwa, wani ya ce a kira likita, wani ya ce a'a ayaba za a ba shi.

"Bawan Allah, ciwonsa ne ya tashi," in ji wani dattijo.

Gwadabe ya miƙe da kansa, tumatir na gangarowa daga hularsa. Ya taka ƙafar dama, ya taka ta hagu, duk suna nan inda ya ajiye su.

"Ba ciwo ba ne," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Lafiyata ƙalau. Tuƙin ne ban iya ba."

Alhaji Tanimu ya daɗe yana kallon kwandunansa. Sannan ya aika a sayo sabulu, ya ce wa yaransa su tsince waɗanda ba su fashe ba, sauran a kai wa amarya ta yi miya. Babur ɗin kuwa Ashraf aka ba, shi yake kai Salma makaranta da shi.